Kombin da Baba ya bari: a yi mata fenti da rola ko a haƙura?

Lawal Baban Sadik, Daura:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya taɓa yi da hannunsa ya fara magana.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Volkswagen Kombi ƙirar 1978, irin mai gado da kabad a ciki, wadda rufinta ke ɗagawa sama. Wasu Turawa ne mata da miji suka keto Sahara da ita, ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram, suka shigo ta Kongolam. Guzuri ya yanke musu a Daura, Baba ya saya. Ina ajin farko a firamare lokacin. Shekara 11 ta yi a ajiye ƙarƙashin darbejiyar gidanmu, kaji na ƙwai a cikinta. Bara na sa aka tada injin, yanzu bugu ɗaya take tashi. Saura jiki. Fentin ya mutu murus, in ka shafa tafin hannu sai ya fito fari kamar ka taɓa garin rogo. Akwai tsatsa a magudanar ruwan rufi, da ƙasan gilashin gaba, da mazaunin batir.

Na kira mai feshi ya duba. Kuɗin da ya yanka ya haura albashina na wata uku, kuma sai na bar masa ita wata guda. Na ga mutane a YouTube suna yi wa irin wannan mota fenti da rola a gida. Zai yiwu a yanayin garinmu?

Abba Kofar Marusa:
Wa alaikumussalam. Rola kuma Malam? Ai ba ɗaki ba ne. Ka sa a liƙa mata sitika gaba ɗaya kawai, kwana biyu an gama.

Sama'ila Mai Fenti, Kofar Kaura:
Malam Lawal, shekarata 23 ina riƙe da bindigar feshi, zan gaya maka gaskiya ko ba daɗi. Kada ka yi. Rola ta bango ce. Abin da za ka samu shi ne jiki kurji-kurji kamar bayan kwaɗo, ga hawayen fenti yana gangarowa, ga ƙura ta manne. Wanda kake gani a bidiyo yana garejin da aka rufe, a ƙasar da ba hunturu. Kai a tsakar gida za ka yi, akuya na wucewa, ana shara, ana daka. Araha ba ta ado. Ka tara kuɗin sannu a hankali ka kai wa masu sana'ar.

Kai kuma Abba, sitika ba ta zama a kan fentin da ya zama gari. Rana ɗaya ta bazara za ta ɗaye.

Injiniya Bishir, Layout:
Oga Sama'ila, ina ganin girmanka a wannan sana'a, amma ban yarda da “kada ka yi” ba. Ni na yi. Tsohuwar Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya da nake kai taki gona, da rola na yi mata fenti shekara huɗu da suka wuce, tana nan ana gani. Ba ta kai feshi sheƙi ba, ban ce ta kai ba. Amma ba ta ɓare ba, tsatsa ba ta dawo ba.

Kuma mu tuna, feshi ba da shi aka fara ba. Kafin shekarun 1920 da buroshi ake yi wa motoci fenti, shafi bisa shafi, ana gogewa tsakani, aiki na makonni. Nan gida ma, manyan motocin nan masu bodin katako da ke lodin hatsi da shanu, wa ya taɓa ganin kwamfuresa a wurin masu yi musu ado? Buroshi ne da gwangwani.

Sama'ila Mai Fenti:
Injiniya, motar taki daban, motar da mutum ke son ya ɗauki iyalinsa daban.

Lawal Baban Sadik:
Oga Sama'ila na gode da gaskiyarka. Bari in faɗi abin da ban faɗa ba da farko. Ba kuɗin kaɗai ba ne. Duk ranar Juma'a da safe Baba da kansa yake wanke motar nan, ba ya barin yaro ya taɓa, sai dai mu riƙe masa bokiti. Da na buɗe kabad ɗin ciki bara na tarar da tsumman da yake goge ta da shi a naɗe, da ƙaramar kwalbar turarensa, ta bushe amma in ka buɗe ƙamshin na nan. Zuciyata ba ta son in kai ta garejin da za a jingina mata tsofaffin ƙofofi wata guda, yara na zama a kan gadon. Ina so hannuna ya bi duk inda nasa ya bi. Ba gasar kyau zan kai ta ba.

Alhaji Mamman Tsohon Direba:
Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini. Lawal, ashe motar Malam tana nan? Allahu akbar. Ni na san ranar da aka saye ta. Mun sha tahiya kasuwar Mai'aduwa da ita ran Lahadi, in rana ta yi sai ya ɗaga rufin mu sha inuwa. Yaro, yi abinka. Kyan ɗa ya gaji ubansa. Amma ka ji mini abu guda: motar ga ba ta shan ruwa, iska ke sanyaya injinta, kuma injin a baya yake. Hancin da take shaƙar iskar yana can sama, bayan tagogin ƙarshe, hagu da dama. Kada ka cushe shi da fenti, kada ka manta tsumma ko jarida a ciki. Na ga wadda ta ƙone a hanyar Mashi saboda irin wannan sakaci.

Lawal Baban Sadik:
Allah ya ƙara girma Baba Alhaji. Wallahi na ji daɗin ganin sunanka. In sha Allahu zan kiyaye.

Injiniya Bishir:
To Malam Lawal, tunda ka ƙudura, ga yadda na bi, ka ɗauki abin da ya yi maka.

Kashi mafi yawa na aikin ba fenti ba ne, gurza ce. Ka wanke ta da omo sau biyu, musamman rufin, domin danƙon darbejiya da kashin tsuntsu suna hana fenti kamawa. Ka kwance duk abin da ke kwantuwa: fitilu, madubai, bamba, hannun ƙofa, tambarin gaba. Abin da bai kwantu ba ka rufe da jarida da salatif ɗin takarda. Inda tsatsa take, ka ci ta da sanfefa mai kaushi, lamba 80, har sai farin ƙarfe ya fito. In ka ga rami ya huda, wannan ba aikinka ba ne, ka kira fanal bita ya yanke ya yi walda. Kada ka yarda a toshe huda da fila, damina ɗaya za ta kumburo. Farin ƙarfen kuma kada ya kwana tsirara, ka shafa masa jan fentin nan na maganin tsatsa da masu walda ke sa wa ƙofofi.

Sauran jikin da fentinsa bai ɓare ba, ba sai ka kankare shi duka ba. Ka bi shi da lamba 240, sannan 400, har garin nan ya tafi, jikin ya yi sumul ba sheƙi.

Fentin kuwa, na mai za ka saya, mai kyau, wanda aka yi don ƙarfe. Rola ƙarama ta soso mai inci 4, ba mai gashi ta bango ba. Ka sayi da yawa, domin sinadari na cinye soson. Ka sirka fentin da tafentayin, kamar kashi ɗaya cikin goma ko ɗan fiye, har ya yi ruwa-ruwa kamar kunun da bai yi kauri ba. Shafin farko zai ba ka haushi, za ka riƙa hango tsohon launi ta ƙasa. Haka ake so. Siriri-siriri, sau huɗu ko biyar, ya fi mai kauri sau biyu. Bayan kowane shafi biyu ka bar shi ya bushe sosai, ka bi da sanfefar ruwa lamba 600 ko 800. Galan ɗaya mai lita 4 ya ishe ni a 504, taka ta fi faɗi, ka tanadi ƙari.

Abba Kofar Marusa:
Mu a unguwa da fetur ko kananzir muke sirkawa, ya fi sauƙi.

Sama'ila Mai Fenti:
Abba ka daina koya wa mutane wannan. Fetur na tashi kafin fenti ya kwanta, ga haɗarin gobara a gidan da ake girki da itace. Kananzir kuma yana kashe sheƙi, fentin ya daɗe yana danƙo.

Tunda dai za a yi, bari in faɗi abin da Injiniya bai faɗa ba, don kada gobe a ce ban faɗa ba. Ranar da ka ɗora fentin mai a jikin motar nan, ka rufe wa kanka ƙofa. In bayan shekara biyu ka samu kuɗi ka kawo mini in fesa mata fentin mota na gaske, tinar da ke cikin nawa za ta dafa naka, ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Dole sai na kankare komai har ƙasa, ko in sa wani shafi na musamman da zai raba su, kuma kuɗin aikin ya ƙaru. Mun sha karɓar irin wannan. Mai mota ya zo yana rantsuwa bai san me aka shafa ba, mu fesa, da safe mu tarar da ɓarna, a ce mu ne ba mu iya ba.

Injiniya Bishir:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Malam Lawal ka sa shi a lissafi.

Lawal Baban Sadik:
Na ji, kuma na yarda da sharaɗin. To me zai hana in sayi irin naku na mota mai haɗi biyu in shafa da rolar?

Sama'ila Mai Fenti:
Mai hadina, wato sinadarin da ake haɗawa ya sa fentin ya daskare? A'a. Da ka haɗa shi ya fara ƙidaya, a zafin nan kafin ka gama gefe ɗaya ya daskare a faranti. Kuma guba ce, tana kama ƙirji. Ina da yaron da ya bar sana'ar saboda ita, in ya shaƙi warin sai numfashi ya sarƙe.

Maman Ummi, ma'aikaciyar jinya:
Ku yi haƙuri in shigo maganar maza. Malam Lawal, ka ce a tsakar gida motar take. Yara nawa ne a gidan? Akwai mai ciki?

Ina tambaya ne saboda fentin motocin wancan zamani sau da yawa akwai dalma a ciki, musamman rawaya da ja da kore. In ka gurza a bushe, garin zai bi iska ya sauka a ƙasar da yara ke rarrafe, a kan tabarma, a bakin randa. Babba ma tana yi masa illa, amma yaro ƙarami dalma ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Ba mu manta Zamfara ba a 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara wajen 400 suka rasu. Can daga dutsen zinare ne da ake niƙawa a cikin gidaje, na sani yawan ba ɗaya ba ne, amma hanyar ɗaya ce: gari a tsakar gida, hannun yaro, baki.

Don Allah ka yi gurzar da ruwa. Ka shimfiɗa leda ko tamfol a ƙasa, ruwan da ya taru kada a zuba inda kaji da awaki ke sha. Ka sa takunkumi na gaske mai matata, ba ƙyallen korona ba. Kayan aikin ka cire su kafin ka shiga ɗaki, a wanke su daban, kuma kada ka ɗauki yaro sai ka yi wanka.

Lawal Baban Sadik:
Subhanallahi. Hajiya wallahi ko kaɗan wannan bai zo mini ba. Yara biyar ne, ƙaramar watanta 14, kuma wurin wasanta ke nan, gindin tayar baya. Allah ya saka da alheri. Akwai kangon ƙanin Baba a bayan gidanmu, an ja katanga an sa ƙofa, ba kowa ciki. Can zan tura ta.

Maman Ummi:
Hakan ya fi. Sadik ma in zai taya ka, ya bari sai an gama gurza.

Nura Dutsin Safe:
Ba a yi maganar launi ba. Wane za ka sa? Ka duba takardun motar, akwai inda aka rubuta launinta. In ka sauya sai ka je ofishin lasisi an gyara, in ba haka ba duk shingen da ka tarar sai ka yi dogon bayani.

Lawal Baban Sadik:
Asalinta koriya ce, rufin fari. Ni kuwa shuɗi nake sha'awa, irin na sararin sama.

Hadiza Maman Walida:
Lawal, ashe nan ka kawo maganar ba ka gaya mini ba. Sai da Walida ta nuna mini. Shuɗi a ina? Motar Baba koriya ce. Da ita aka kai ni ɗakina, duk hoton da muke da shi na Baba a jikinta kore ne a bayansa. In ka mai da ta shuɗiya ka yi sabuwar mota ke nan, ba tasa ba. Kuma ka tambayi Inna kafin ka sayi ko gwangwani ɗaya.

Lawal Baban Sadik:
Yaya ki yi haƙuri, ban ɗauka abin zai dame ki ba. Na so in gama ne ku gani kwatsam.

Hadiza Maman Walida:
Gado ba a yi masa kwatsam. Mu bakwai ne a kanta. Ban hana ka aiki ba, na ma ji daɗi da ka tada ta, Allah ya yi maka albarka. Amma kore. Kuɗin fentin kuma rabi nawa ne, kada ka yi mini gardama.

Nura Dutsin Safe:
To Hajiya ta raba gardama, takardu ma sun huta. Sai dai ka kula wurin haɗin: kada mai haɗa fenti ya zurfafa shi ya koma koren soja. Akwai dokar da ta hana farar hula amfani da wannan launi a mota.

Sama'ila Mai Fenti:
Kada ka kwatanta wa mai haɗi da baki, kuma kada ka nuna masa hoto a waya. Ka ɗaga robar ƙofa, ko ka duba wani lungu inda rana ba ta taɓa gani ba. Nan asalin launin yake. Ka kwance wani ƙaramin sashe mai asalin launin ka tafi da shi, a ɗiga a gefensa, ka jira ya bushe ka duba a hasken rana. Kuma a haɗa maka duka lokaci ɗaya. In ya ƙare ka koma, ba za a sake samun irinsa daidai ba.

Injiniya Bishir:
Saura lokaci, wanda a ganina shi ne amsar tambayarka ta farko. A ƙasarmu dama ɗaya ce a shekara: daga ɗaukewar ruwa zuwa saukar hunturu, wato Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Da damina laima na hana shi bushewa kuma hadari ba ya sallama. Da hunturu ko ɗaki ka rufe sai ƙura ta shiga. Da bazara, zafin da ke haura digiri 40, ƙarfen na gasa fentin kafin ya baje, sai sawun rola ya zauna. Ka yi gurza da walda yanzu a Satumba, ka shirya, ruwa na ɗaukewa ka fara. Da safe, bayan raɓa ta bushe, ka tsaya kafin ƙarfe goma. In ka ɗora bayan hannunka a jikin motar ka ji ɗumi sosai, ka ajiye rola. Ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara. Kuma ka fara gwaji a murfin inji, kada ka faɗa wa gefen mota kai tsaye.

Lawal Baban Sadik:
Jama'a barkanmu da war haka, kwana 26 ke nan. An yi walda a mazaunin batir da kusurwa ɗaya ta ƙasan gilashi. Magudanar rufi ashe ba ta huda ba. Gurza ta ɗauke ni Asabar da Lahadi uku da duk yammacin da na taso daga makaranta, yatsuna har sun daina buɗe waya. Na gwada a murfin inji kamar yadda aka ce, ga hoto. Shafin farko lafiya. Na biyu ya fito da ƙananan ramuka kamar zanzana, gefen ƙasa kuma ya tattare. Raina ya ɓaci ƙwarai jiya, har na ce ko maganar Oga Sama'ila ce ta tabbata.

Sama'ila Mai Fenti:
Na ƙara girman hoton na duba. Cuta biyu ce daban. Zanzanar maiƙo ne. Murfin inji ne fa, shekara arba'in yana shan tururin baƙin mai. Ko kuma tsumman da ka goge da shi ya taɓa man gashi ko man goge dashbod. Tattarewar kuma, ka cika fenti a ƙasa, sama ya bushe ciki ɗanye, ka ɗora wani. Awa nawa ka bari?

Lawal Baban Sadik:
Na yi na farko da safe, na biyu bayan la'asar. Na taɓa na ji ya bushe.

Sama'ila Mai Fenti:
Ya yaudare ka. Fentin mai ba bushewar wanki yake yi ba, iska yake sha a hankali yana ƙarfi daga sama zuwa ƙasa. Kwana ɗaya cur mafi ƙaranci, in da hali biyu. Ka danna farce a wurin da ba a gani, in ya yi sawu bai yi ba. Yanzu ka bar murfin nan mako guda, ka goge shi ya koma sumul, ka wanke da omo, ka bi da tafentayin a sabon farin tsumma, ka sake. Kuma in ka shafa, ka sake bi da rolar ba tare da ka ƙara fenti ba, a hankali, nauyinta kawai, don kumfar ta fashe. Ni dai har yanzu ban ce rola ta yi ba. Amma ba na iya ganin ana ɓata fenti in yi shiru.

Alhaji Mamman Tsohon Direba:
Sama'ila Allah shi yi ma albarka. Lawal, kaka ta yi, mata na sussuka. Ka dubi inda iska ke kaɗawa, ƙaiƙayin gero ya fi ƙura mugunta. Kuma kada ka kunna ƙwan lantarki kusa da ita da dare, duk ƙwarin unguwa nan za su kwana.

Lawal Baban Sadik:
Baba Alhaji kamar kana nan. Maƙwabtanmu ta gabas suna sussuka. Na je na roƙi matar gidan, ta ce za su riƙa bari sai bayan azahar har in gama. Na kuma kafa rumfa da tamfol, na zagaye ta da tsofaffin gidajen sauro guda huɗu da Inna ta ba ni. Iska na shiga, ƙwaro ba ya shiga.

Injiniya Bishir:
Gidan sauro! Wannan dabara ban yi ta ba, da na sani da ban sha cire ƙudaje da allura ba.

Abba Kofar Marusa:
Malam in ka gama nawa ka kashe gaba ɗaya? Ina da Golf da rana ta cinye wa rufi.

Lawal Baban Sadik:
Alhamdu lillahi. Jiya na yi shafi na biyar a kore, rufi fari shafi huɗu. Na fara da rufi na gangaro, kowace safiya gefe ɗaya, Sadik na riƙe mini faranti. Ga hotuna shida, na ƙarshen na ɗauka kusa da gangan don kada in ɓoye komai. A ƙofar gefe mai zamewa akwai hawaye biyu da ban lura ba sai da suka daskare. Gaban motar, wajen tambari, in rana ta bugo ta gefe ana ganin ɗan sawun rola. Sauran kuwa ni kaina ina tsayawa ina kallo.

Abba, kuɗin kaya da na fanal bita bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da aka yanka mini ba. Amma in za ka sa wa kwanakinka kuɗi, ba riba. Mako bakwai ban je ɗaurin aure ko ɗaya ba.

Da yamma na kamo hannun Inna na kai ta kangon. Idonta ya yi rauni yanzu, sai da ta matsa ta shafa ƙofar gaba ta ɓangaren da take zama. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, “Haka take ranar da ya kawo ta.” Ta tambaye ni ko labulen ciki na nan. Na ce ɓera ya ci. Ta ce a sayo yadi ita za ta ɗinka.

Hadiza Maman Walida:
Lawal ka sa ni kuka a wurin aiki. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Yadin ni zan sayo, na san irinsa.

Maman Ummi:
Amin. Ma sha Allah. Tamfol ɗin da ka gurza a kai kada a mai da shi shanyar hatsi, a naɗe a kawar.

Sama'ila Mai Fenti:
Na duba duka shidan. Daga taku biyar ba wanda zai ce rola ce. Daga taku ɗaya ni zan ce. Wannan ita ce gaskiya, kuma ya fi abin da na zata. Kada ka taɓa hawayen nan yanzu. Ka ba shi wata guda ya yi ƙarfi, kada ka wanke da omo, kada ka rufe ta da tamfol ya manne. Bayan nan ka naɗa sanfefar ruwa lamba 1500 a ɗan katako mai laushi ka bi kan hawayen kaɗai, sannan 2000, sannan man goge fenti. A bakin ƙarfe da kusurwa kada ka danna, nan fenti ya fi siriri. Kuma ka rubuta sunan fentin da ka sa a takarda ka ajiye a kabad ɗin nan, saboda duk mai feshin da za ta je hannunsa wata rana.

Lawal Baban Sadik:
Na rubuta Oga, na sa kusa da kwalbar turaren. Na gode ƙwarai. Saura abu ɗaya: robar gilashin gaba ta farfashe da muka cire, yanzu gilashin na jingine a ɗakin Inna. Wa ya san inda zan samu?

Nura Dutsin Safe:
Ka gwada Kofar Ruwa a Kano, ka tafi da tsohuwar a hannu. In babu irinta sak, akwai masu sayar da ta awo a yanka maka.

Alhaji Mamman Tsohon Direba:
In za a sa gilashin a nemo igiya siririya mai ƙarfi, a zagaya ta cikin robar, a shafa ruwan sabulu, mutum ɗaya na dannawa daga waje ɗaya na jan igiyar daga ciki. Kada a sa sukundireba. Ka aiko Sadik ya ɗauke ni ranar, in zauna a kujera in nuna muku. Kuma Lahadin farko da ta hau titi, gaba nawa ne har Mai'aduwa.

Lawal Baban Sadik:
Baba Alhaji sai dai ku sasanta da Inna, ta riga ta ce kujerarta ce. Asabar in sha Allahu zan shiga Kano neman robar.